Tafkin Abbagana

Duk wanda ya saba bin titin Nguru zuwa Gashuwa ya san Tafkin Abbagana, ko da bai taɓa ganin Abbagana da idonsa ba. Direbobi suna tsayawa su zuba wa mota ruwa, masu babur su wanke ƙafa, yaran mota ma har sun mai da wurin tasha. Abin da ba su sani ba shi ne, mai sunan ba ya ƙaunar jin sunan nan ko miskala zarratin. In an faɗa a gabansa sai ya yi murmushi, don ba yadda zai yi, amma ransa a ɓace yake.

Gona ce, ba tafki ba. Gandun gidansu ne, wanda ya gada daga ubansa. Ƙasar wannan yanki rairayi ce, ka shuka gero ka yi ta addu'a, amma gonar Abbagana baƙa ce wuluk. Tsohonsa ya shafe rayuwarsa yana sauke Fulani a cikinta da rani don shanu su kwana su bar taki, yana kuma jidar takin gida a kan jaki. Gero kan yi tsawon da mutum a kan raƙumi zai ɓace a ciki. Gidan Abbagana ba su san awo ba, sai dai su ga maƙwabta suna yi.

Ana nan sai aikin titi ya iso. Wasu mutane masu hular kwano suka yi ta yawo a gonaki suna tona ramuka suna leƙawa, har suka gano cewa ƙarƙashin baƙar ƙasar Abbagana akwai burji, jan tsakuwar nan da ake shimfiɗawa kafin a zuba kwalta. A ƙasar da za ka yini kana tafiya ba ka sami dutsen jifan tsuntsu ba, wannan ba ƙaramin samu ba ne ga kamfani.

Alamin, mai kula da aikin, shi ya zo gidan, tare da Bulama Uwais mai garin. Alamin ɗan Nguru ne, jikan 'yan kasuwar Haɗeja, yaro mai ladabi. Ya tsuguna har ƙasa ya yi bayani.

"Baba, ba sayen gonarka za mu yi ba. Ƙasar sama za mu ture gefe, mu tara maka ita wuri ɗaya. Mu kwashi burjin da ke ƙasa. In aiki ya ƙare sai mu dawo da katafila, mu rushe bakin ramin, mu cike shi, mu shimfiɗa maka ƙasarka yadda take. Sai dai gonar ta ɗan yi kwari, wannan kam ba zan ɓoye maka ba."

"Za ku dawo?"

"Za mu dawo, in Allah ya yarda."

Bulama ya ce, "Malam Abbagana, titin nan na kowa ne. Mai naƙuda ma ta kansa za a bi da ita asibiti."

To, wa zai ce a'a bayan wannan? Abbagana ya yarda. Aka ba shi ɗan abin da aka ba shi na diyyar amfani, wanda bai daɗe ba ya ƙare a bakin mudu.

Katafila ta ture ƙasar sama ta tara ta a gabashin gonar, tsibi guda da ya fi masallacin garin tsayi. Tifofi suka yi ta shiga suna fita, ja-ja-wur da su. Da suka gama, abin da ya rage rami ne wanda in mutum ya tsaya a gindinsa ba ya hango komai sai sama. Kamfani ya yi gaba da aikinsa wajen Gashuwa.

Damina ta zo ta cika ramin fal. Abbagana bai damu ba, ya ce ai rani zai shanye. Rani ya zo, kududdufan garin duk suka ƙafe, wannan ya ƙi. Ashe laka ce a ƙarƙashin burjin, ta riƙe ruwan kamar randa.

Wanda ya fara zuwa wani Arɗo ne, dattijo, da shanunsa suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce ko za a bari dabbobi su sha. Abbagana har ya ji kunyar tambayar. Ruwa ne fa, ruwan sama, wanda bai haƙa ba bai saya ba.

"Haba Arɗo, a sha mana. Ruwa ai na Allah ne."

Bayan Arɗo sai matan gari. Rijiyar garin zartsi ne da ita, ko sabulu ba ya kumfa a ruwanta, famfon tuƙa-tuƙa kuwa ya lalace tun ba a san ranar ba. Bayan mata sai masu buga tubali, sai masu amalanke daga ƙauyukan da ke kewaye. Wani ma ya kawo 'ya'yan tarwaɗa ya zuba. Ba wanda Abbagana ya hana, don a garinsu wanda ya hana ruwa ya gama lalacewa, ko gawarsa sai an yi tunani kafin a ɗauka.

Abin da ya ɗaure shi ya faru ne wata Juma'a. An idar da salla, Liman Ridwanu ya ɗaga hannu yana addu'a, jama'a suna amsawa. Ya roƙa wa gari lafiya, ya roƙa wa mamata gafara, sai kawai Abbagana ya ji sunansa.

"Ya Allah, bawanka Abbagana da ya sadaukar da gonar ubansa don bayinka da dabbobinka su sha, ka shayar da shi ranar ƙishirwa. Ka sa ta zame masa sadaka mai gudana, shi da mahaifansa."

Masallaci ya ɗauka da amin. Abbagana yana sahun gaba, tafin hannunsa a buɗe kamar na kowa. Ya so ya ce a dakata, aro ne, masu katafila za su dawo. Amma wa ya taɓa katse liman a tsakiyar addu'a? Kuma addu'ar da aka sa iyayensa a ciki, ta yaya zai sauke hannu? Aka ce Fatiha. Kowa ya shafa, shi ma ya shafa. Kafin ya kai ga takalminsa mutane sun yi layi suna ba shi hannu.

Ya yi niyyar gyara maganar, wannan kam a faɗi gaskiya. Da la'asar ya tafi zauren Liman. Ya tarar da baƙi daga Machina, malamai masu manyan rawuna. Liman yana ganinsa ya ce, "Yauwa, ga mutumin da nake ba ku labari." Baƙi suka miƙe suka rungume shi, wani har da hawaye. Abbagana ya sha ruwan da aka miƙo masa, ya ce gaisuwa ce kawai ta kawo shi, ya fito.

Daga nan suna ya bi wuri. Ya zama Tafkin Abbagana.

Shi kuwa mai tafki ya koma aron gona. Wani ya ba shi wata jigawa can bayan gari, inda gero ke fitowa kamar gashin tsoho, nan ɗaya can ɗaya. In ya gama da ita sai ya tafi ƙwadago a gonakin mutanen da a da su ke zuwa roƙon iri a wurinsa. Matarsa Aisa ta fara zuwa awo. Takan lulluɓe kwanon da mayafi, ta bi ta bayan gida, kamar wadda za ta yi sata. Abin yana mata ciwo, ba ta kuma ɓoyewa.

"Baban Zara, yau ma mai awo ya gaishe ka. Ya ce a gaida mai tafki."

"Ina amsawa."

"Sai da ya gama yabonka sannan ya shafe bakin mudun da hannu, ko ƙwaya bai bari ta hau ba. Astagfirullah, amma ni dai ban ga ranar da lada ya tafasa tukunya ba."

"Aisa, ki iya bakinki."

"Na iya. Kai ne ba ka iya naka ba, ranar da ya kamata ka buɗe shi."

Ya san gaskiyarta ce.

Abu ɗaya ya riƙe, tsibin ƙasar nan. Ruwa kowa ya ɗiba, amma wanda ya kai shebur jikin tsibin zai ga wani Abbagana daban. Ya kori masu neman ƙasar yaɓe, ya kori masu lambu, har da surukinsa. Mutane suna mamaki, mutumin da ya ba da gona sukutum yana rowar ƙasa. Shi kuwa ya san gonarsa ce a naɗe a wurin, tana jiran a shimfiɗa ta. Yakan hau kai da yamma ya zauna, yana kallon shanun da suka fito da burtali ta inda kunyoyinsa suke a da.

Duk bayan 'yan watanni yakan hau mota zuwa Gashuwa, inda kamfani ya kafa sansani. Wani zuwan ya sami Alamin, wani zuwan a ce ya tafi Damaturu. In ya same shi, amsar ba ta canzawa: "Baba, ban manta ba, aiki ne bai ƙare ba." Mutanen gari da suka san kamfanoni dariya suke yi a ɓoye. Wane ɗan kwangila ne ya taɓa komowa ya rufe ramin da ya haƙa? Duk titin nan ramuka ne a gefensa, kowanne da alkawarinsa.

Sai ga shi Alamin ya ba kowa mamaki. Wata safiya cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, hadari yana ta haɗuwa yana watsewa, tirela ta tsaya a bakin titi ɗauke da katafila. Alamin ya diro, ya aika a kira Abbagana.

Abbagana ya zo da sauri har yana tuntuɓe, hula a hannu.

"Baba, alkawari kaya ne, yau na zo in sauke. Aiki ya ƙare, gobe za a kwashe injinan nan gaba ɗaya a bar jihar. Da ƙyar na roƙi yinin yau. Ga Rabe direba, ga mai a tanki. Kafin magariba gonarka ta dawo."

Abbagana ya kama hannunsa da hannu biyu. Daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa.

Rabe ya sauko da katafila, ƙararta ta cika garin. Ƙarar ce ta kira mutane. Kafin a jima bakin tafkin ya cika. Ruwan ya ja baya sosai a lokacin, ya yi kore-kore a gefe, amma daga nan har inda ido ya kai babu wani sai shi. Shanu suna tsaye a ciki har gwiwa. Mata sun jera jarkoki. Masu amalanke sun tsaya da igiya a hannu.

Da a ce da faɗa suka zo, da abin ya zo wa Abbagana da sauƙi. Ya shirya wa faɗa, ya shekara yana tara amsoshi a ransa. Amma ba wanda ya ɗaga murya. Suka tsaya kawai suna kallonsa.

Bulama Uwais ya iso, ya ja shi gefe, ya gaishe shi da yarensu.

"Wushe, Malam Abbagana. Ashe baƙi muka yi."

"Baƙi muka yi, Bulama."

"To. Gonarka ce, babu mai ja da kai. Ni dai tambaya ɗaya gare ni, in sun zo gobe da safe sun ce Bulama ina za mu sha, me zan ce musu?"

"A gyara famfo mana."

"Sau nawa muka kai kuka? Kai ma da kai aka je."

Liman Ridwanu ya ƙaraso yana dogara sanda. Abbagana ya ga in bai faɗa yau ba, ba zai ƙara samun rana ba. Ya tsuguna.

"Allah gafarta Malam, ni fa ban taɓa cewa na bayar ba. Aro kamfani suka yi. Ranar nan a masallaci kunya ce ta hana ni magana."

Ya zaci Liman zai yi fushi, ya ce abin da aka ba Allah ba a karɓewa. Da ya faɗi haka, da Abbagana ya sami wanda zai yi jayayya da shi. Amma Liman ya sunkuyar da kai.

"Ashe haka ne? To ni na yi gaggawa, Allah ya yafe mini. In ba ka yi niyya ba, babu sadaka. Haƙƙinka ne, ka rufe abinka, ba ka da zunubi ko kaɗan. In kana so yanzu in faɗa wa jama'a da bakina."

Abbagana ya ɗago ya dubi jama'ar da za a faɗa wa. Ya san kowa a cikinsu. Ya san wadda ta yi wa matarsa wankan jego, ya san waɗanda suka haƙa kabarin ubansa. Ba shari'ar da ta hana shi, ba sarautar da ta hana shi, sai waɗannan fuskokin da zai ci gaba da gani a masallaci da kasuwa da wurin jana'iza har ya mutu.

Ya koma wurin Alamin.

"Ɗana, ba za a raba ba? A rufe rabi, a bar musu rabi?"

Alamin ya girgiza kai. "Baba, da zai yiwu da na yi. Damina ɗaya ruwan zai cinye cikon. Kuma shanun nan ta ina za su bi su sha? Ta cikin geronka. Kullum kana wurin Bulama da Fulani."

"To a haƙa musu wani can gaba."

"Can gaba rairayi ne, ba zai riƙe ko cikin buta ba. Kuma man da aka ba ni na aiki ɗaya ne. Baba, ni ba ruwana, abin da ka ce shi za a yi. Amma rana tana yi."

Rabe ya gaji da jira, ya taka katafila ta matso bakin ramin, ya sauke wuƙarta ƙasa. Shanu suka firgita suka fito. Mata suka ja da baya da jarkokinsu, sai tsohuwa ɗaya, Gogo, wadda ba ta ji sosai, ba ta kuma da kowa a gida da zai ɗebo mata. Tana tsugune a bakin ruwa tana kamfata da ƙoƙo tana zubawa a wata 'yar jarka. Ta waiwayo ta ga ƙarfen a kanta, ta ga Abbagana a tsaye. Ba ta roƙe shi ya fasa ba.

"Abbagana, ɗan nan, ka ce ya dakata in cika wannan tukuna. Yanzu zan gama."

Tana kamfata, rabin ruwan yana zubewa a ƙasa. Kowa ya tsaya yana jiran jarkar ta cika. Abbagana ya ji tausayinta, ya kuma ji haushinta, ya ji haushin garin duka, da na kansa fiye da na kowa. Ya nemi ƙofar fita ta kowane gefe, babu.

"A bari," ya ce.

Ƙarar inji ta hana a ji. Alamin ya ɗaga wa Rabe hannu ya rage wuta.

"Me ka ce, Baba?"

"Na ce a bari."

Wani ya yi kabbara, sauran suka ɗauka. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka yanyame shi ana ba shi hannu, kamar dai wancan karon. Liman kuwa ya dafa kafaɗarsa kawai ya wuce.

Bulama kuwa, da yake shugaba ba ya barin dama ta wuce shi, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam Abbagana, Allah ya saka. Tunda inji ya riga ya sauka, ga mai a ciki, ka ga ta yamma can ruwan yake ɓallewa duk damina ya tafi a banza. Tsibin ƙasar nan ai yanzu ba shi da wani aiki. Da za ka yarda a tura shi a yi mana jinga, da ruwan ya kai mu har wata daminar."

Duk ido ya sake dawowa kansa. Wanda ya ba da saniya ba ya rowar igiya a gaban mutane. Abbagana ya gyaɗa kai.

Ya tsaya ya ga wuƙar katafila ta shiga jikin tsibin. Ƙasar ta buɗe baƙa wuluk, da danshinta, warin tsohon taki ya tashi. Rabe ya iya aikinsa, ya yi ta turawa yana bi ta kai yana dannewa, har ta zama gini mai santsi. Abbagana bai jira an gama ba, ya sulale ya kama hanyar gida.

Tun daga zaure ya ji ƙarar taɓarya. Ya shiga ya tarar da Aisa a tsakar gida, ta ɗaura ɗankwali a ƙugu, zufa tana zuba, fuskarta a sake yadda ya daɗe bai gani ba. Ta sauko da damin irin shuka na geron gandu daga rataye, mai dogayen zangarniya, wanda suke ɓoyewa ko yunwa ta kai ina, tana sussukawa.

"Na ji inji, na ji guɗa," ta ce tana haki. "Na ce bari in shirya, ka ga hadarin nan ba zai wuce kwana kaɗan ba. An gama shimfiɗawa, ko da saura?"

Abbagana ya tsaya yana kallon ƙwayar da ke cikin turmin. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Baban Zara, magana nake."

"Ki surfa shi," ya ce. "A yi mana tuwo da shi."